Tambaya da Amsa: Na Yi wa Akwatin Zuma Fenti, Yaushe Zan Kai Shi Gona?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu ne suka zo mini a wannan karon a kan magana ɗaya, wato fentin akwatin zuma. Ban yi mamaki ba, don damina ta ja baya, kowa na ta haramar kafa akwatunansa kafin zuma ta fara yawon neman gida. Bari in fara da wadda ta fi buƙatar dogon bayani.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga yankin Saminaka, bana na fara kiwon zuma. Kafinta ya yi mini akwatuna shida, irin dogayen nan masu sanduna a sama. Shekaranjiya na shafe su da farin fenti mai mai. Biyu daga ciki na shafe su ciki da waje kafin maƙwabcina ya hana ni, sauran huɗun waje kawai na yi wa. Yau na taɓa na ji duk sun bushe. Na kuma ga an rubuta a intanet cewa kwana biyu zuwa uku sun isa. Zan iya kai su gona ranar Juma'a?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fara a sa'a. Amma kada ka kai su ranar Juma'ar nan. Ka ƙara musu aƙalla mako biyu.

Abin da yatsanka ya ji gaskiya ne, sama ya bushe. Sai dai fenti kamar kunu yake: samansa ya yi yana, ka zaci ya huce, ka kurɓa ya ƙone maka harshe. Fenti mai mai yakan daina kama hannu cikin awa 6 zuwa 8, a iya yi masa shafi na biyu bayan kwana guda, amma a ƙarƙashin wannan fatar man da aka tsinka shi da shi yana ci gaba da fita a hankali, kwanaki har makonni. Wannan fitar ita ce warin da kake ji. Fentin ruwa ya fi shi saurin barin hannu, awa ɗaya ko biyu ya gama, warinsa ma bai kai ba, amma shi ma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi ƙarfinsa na ainihi.

Abin da ka karanta a intanet kuwa, waɗanda suka rubuta ba ƙarya suka yi ba, yanayinsu ne daban da namu. Mai kiwon zuma a Amurka ko Ingila sayen ƙudan zumarsa yake yi. A kawo masa su a ɗan keji, sarauniyar tana kulle a nata ƙaramin kejin, ya zazzage su cikin akwati ya rufe. Ba a tambaye su ko gidan ya yi musu ba. Kai kuwa akwati za ka ajiye a gindin ɗorawa ka koma gida, kana jiran zuma ta zo da kanta ta duba, ta ga ya yi mata, ta shiga. Idan rundunar zuma ta rabu da tsohon gidanta, takan dunƙule a reshen itace, sai wasu 'yan kaɗan daga cikinsu su bazu neman mazauni. Wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Seeley, ya shafe shekaru yana bin waɗannan 'yan leƙen asirin, ya ga yadda ɗaya za ta shiga kogo ta zagaya bangonsa da ƙafa, ta fito, ta sake komawa, sau da yawa, kafin ta koma ta kai labari. Duk kogon kuka da duk amyar da ke dajin nan suna cikin abin da za su auna da akwatinka. Halitta ce da ke rayuwa da ƙanshi: da shi take gane 'yar'uwarta a bakin ƙofa, da shi take sanin sarauniya na nan, da shi take samun fure. In ta shiga ta ji warin fenti ya cika wuri, wucewa za ta yi. Ga shi kuma zumarmu ta Afirka ta yamma ba ta da haƙurin zama inda bai yi mata ba. Ko ta shiga, in abu ya dame ta sai ka zo da safe ka tarar ta yi ƙaura, ta bar maka 'yar saƙa kamar tafin hannu.

Ni kaina na taɓa wannan. Shekarar da na fara barin amya na koma akwati, guda goma na sa aka yi mini. Wanda ya yi fentin ya tsinka shi da fetur don ya yi auki, ni kuma ina ɗokin kada lokaci ya wuce ni, bayan kwana uku na ɗora su a amalanke na kai gona. Na jera su a ƙarƙashin ɗorawar da kawuna ke rataye amyoyinsa. Kafin hunturu ya yi nisa amyoyinsa sun cika, kana jin gunjinsu tun daga nesa. Nawa kuwa shiru. Wata rana da la'asar ya biyo ni, ya ɗaga murfin ɗaya, ya zare sanduna uku, ya sunkuya ya sa hancinsa. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya ce, "Kai za ka iya kwana a nan?" Na sunkuya ni ma. Akwatin ya sha rana tun safe, warin da ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. A wannan shekarar ba ko ɗaya da zuma ta shiga. Sauri ya haifi nawa, na yi asarar shekara guda saboda mako biyu.

To ga abin da za ka yi. Ka fito da akwatunan daga ɗaki. Ka sa su a inuwa inda iska ke ratsawa, ƙarƙashin rumfa ko gindin itace, ka ɗora su a kan bulo ko duwatsu don iska ta bi ta ƙasa. Ka cire murafan, ka zare sandunan duka, ka bar su a buɗe. Kada ka jera ɗaya a kan ɗaya, fentin da bai yi ƙarfi ba mannewa yake yi, in ka zo rabawa ya ɓamɓaro. Kada kuma ka ajiye su a shagon da ake ajiye janareta, ko galan ɗin fetur, ko maganin feshi na gona, don ɗanyen katakon cikin akwatin, wato wanda ba a yi wa fenti ba, zuƙar wari yake yi kamar soso.

A lokacin rani da hunturu, da iska ke a bushe, mako biyu nake ba fenti mai mai. In da damina ne ko lokacin da raɓa ke sauka sosai, mako uku ko fiye. Fentin ruwa mako ɗaya zuwa kwana goma. Amma ƙidayar kwanaki ba ita ce hukunci ba. Idan kwanakin sun cika, ka mayar da sandunan da murfin, ka fito da akwatin tsakar rana ya sha zafi kamar awa ɗaya a rufe. Sannan ka buɗe ka sa kanka ciki. Zafi ne ke tono warin da ya ɓuya, akwatin da ba ya wari da sanyin asuba yana iya yin wari da azahar, kuma da rana zuma ke zuwa dubawa. Hancinka ma kada ka yarda da shi sosai, don wanda ya kwana biyu yana mu'amala da fenti ya saba da shi. Ka kira mahaifiyarka ko wani wanda bai kusanci wurin ba, ka ce ya sansana. In ya ce ƙanshin katako kawai yake ji, an gama. Sai ka ƙara da danna farce a wani lungu, in ya lotsa ya bar shaida, da saura.

Su kuma biyun da ka shafe cikinsu, maƙwabcinka ya yi maka alheri da ya tsayar da kai. Cikin akwati ba a yi masa fenti, haka sanduna, haka gefen da sandunan ke zama a kai. Zuma da kanta take shafe bangon gidanta da wani danƙo da take tarowa daga jikin itatuwa, ta toshe kowace kafa da shi, kuma a kan ɗanyen katako ya fi kamawa. Ɗanyen katako kuma yana shan laimar da ke tashi a cikin gidan, wanda aka yi wa fenti kuwa sai laimar ta taru a jikinsa. Ka samo samfefa mai kaushi ka goge fentin cikin har sai katako ya fito, ka yi a waje, ka rufe hancinka da ƙyalle don kada ka shaƙi ƙurar. Bayan nan ka kunna 'yan karare ka bi cikin da harshen wuta sama-sama, har ya ɗan yi ja, kada ka bari ya kama. Ka bar su su sha iska tare da sauran. In ka ga aikin ya yi maka yawa, ka kafa huɗun bana, biyun ka bi su a hankali.

Ranar da za ka kafa su ce ranar sa musu abin jan hankali, kada ka yi tun da wuri ƙanshin ya tafi a banza. Ka narkar da kakin zuma mai tsabta, ka ja layi da shi a tsakiyar kowace sanda daga wannan kai zuwa wancan, don a kan layin za su fara saƙa. Ka goga dunƙulen kaki a bangon ciki da bakin ƙofa. In kana da ciyawar nan mai ƙanshin lemun tsami da ake sa wa shayi, ka murje ɗanyarta ka goga kaɗan, ƙanshinta yana kama da wanda zuma ke fitarwa idan tana kiran 'yan'uwanta gida. Kaɗan nake cewa, in ya yi yawa shi ma kora yake yi. Turaren busasshen kashin shanu da iyayenmu ke yi wa amya, ni har yau ina yi wa akwatunana. Daga nan duk mako ko mako biyu ka leƙa, ka kori gizo-gizo da ƙadangare da ɓera, don in suka riga zama zuma ba za ta shiga ba.

Tambaya: Mu mata ne goma sha biyu a wata ƙungiya kusa da Kontagora. Mun haɗa kuɗi an yi mana akwatuna, abin da ya rage ba shi da yawa. Dole ne sai mun yi fenti? In dole ne, wane launi zuma ta fi so? Wata ta ce mana rawaya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara haɗa kanku. Ba dole ba ne. Fenti don katako ake yin sa, ruwa da rana kada su cinye shi. Ita zuma ba ta buƙatarsa, shekaru aru-aru tana zaune a kogon itace da amyar ciyawa da aka yaɓe da kashin shanu. In katakonku mai ƙarfi ne, kamar maɗaci, kuma akwatin na inuwa da rufi mai kyau, zai yi shekaru ba fenti. In kuwa farin katakon nan ne mara nauyi, ko filawud, to ku yi, don damina biyu ta isa ta sa filawud ya kumbura ya rarrabe. Idan kuɗin bai kai ba, ku fara da inda ruwa ke shiga: murfi, da bakin katako inda zarto ya yanka, da ƙasan akwatin ta waje. Bakin nan da aka yanka ya fi ko'ina shan ruwa, daga nan ruɓa ke farawa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don mai kaurin ya fi daɗewa yana wari.

Maganar launi kuma, zafi za ku duba. Cikin gidan zuma, inda 'ya'yanta suke, tana riƙe shi a ma'aunin zafi 34 zuwa 35, dare da rana. In zafi ya haura, sai ma'aikatan su bar neman fure su koma ɗebo ruwa da yin fifita da fukafukai. Kaki ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen 62, amma tun kafin nan ya yi laushi, kuma a irin dogon akwatin nan saƙar a rataye take a jikin sanda, ba abin da ya tallafe ta ta ƙasa. Na taɓa buɗe wani akwati mai duhun fenti a watan Afrilu, na tarar saƙa huɗu cike da zuma sun tsinke sun zube ƙasa, zumar na tsiyaya ta ƙofa, tururuwa sun yi layi. Don haka fari, ko ruwan madara, ko wani launi mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ku bar su. In murfin na kwano ne, ku ɗora masa zana ko busasshiyar ciyawa, kuma inuwar itace ta fi kowane fenti amfani.

Ita wadda ta ce rawaya, akwai ƙamshin gaskiya a maganarta. Zuma na ganin launi. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, shi ya tabbatar da haka. Tana rarrabe shuɗi da rawaya sosai, ja kuwa a idonta duhu ne kawai. Amma launi ba ya sa ta shiga akwati, ƙanshi da girman wurin da inuwarsa su ke sa ta. Inda launi ke da amfani shi ne idan akwatunan sun yi yawa a wuri ɗaya kuma duk kamarsu ɗaya. Wadda ta dawo da kaya takan ɓace ta faɗa gidan maƙwabta, akwatunan gefe su yi ta cika, na tsakiya su yi ta raguwa. Ku yi wa kowane akwati wata alama a saman ƙofa, wannan shuɗin da'ira, wancan ratsin rawaya, wancan a bar shi fari, ku kuma karkata ƙofofin kada duk su dubi gefe ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonku. Wasu fentoci masu mai, musamman rawaya da ja masu ƙyalli, akan sa musu dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Ku sayi fentin da ke cikin gwangwaninsa a rufe, da rubutun kamfani a jiki, ku duba ko an rubuta ba dalma a ciki. Wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin kasuwa, ba a san me aka gauraya ba, ku haƙura da shi. Araha ba ta ado. Kada kuma a bar yara su yi wasa da gwangwanin ko burushin.

Tambaya: Gara ta dame mu a nan wajen Gombe. Kafintana ya ce in shafe akwatunan da baƙin mai a haɗa da maganin garar da suke sa wa katakon rufin ɗaki. Ya ce ya fi fenti arha kuma ya fi daɗewa.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda. Kafintanka ya san rufin ɗaki, amma maganin da ke kashe gara ƙwari aka yi shi ya kashe, zuma kuwa ƙwaro ce. Baƙin mai kuma ba ya bushewa, nutsewa yake yi cikin katako, duk ranar da aka yi zafi ya dawo da warinsa, shekara da shekaru. Kaki na zuƙar irin waɗannan abubuwa ya riƙe, zumar da ke cikinsa kuma mutane ne za su sha, wasu ma don magani suka saya. Katakon da aka riga aka shafa wa irin wannan magani bai dace da akwatin zuma ba ko da an goge shi.

Gara daga ƙasa take hawowa, a can za ka tare ta. Ka ɗora akwatin a kan ƙafafun ƙarfe, tsayin kamar ƙugunka, ko ka rataye shi da waya tsakanin itatuwa biyu. Baƙin man nan yana da wurinsa: ka shafa shi a ƙafafun daga ƙasa, ko ka tsoma kowace ƙafa a gwangwani ka zuba kaɗan, ka yi masa ɗan rufi kada zuma ta faɗa. Wannan zai tare gara da tururuwa duka. Ka riƙa share ciyawar da ke taɓa akwatin, don sili ɗaya ya ishe su gada.

Tambaya: Baba, akwatina ɗaya yana da zuma shekara uku ke nan, fentinsa duk ya ɓare, murfin ya fara tsagewa. Zan iya yi masa fenti alhali suna ciki?

Amsa: 'Yata, murfin ba matsala, ki cire shi da yamma ki ɗora wani, ki kai shi gida ki gyara, ya sha iskarsa mako biyu sannan ki mayar. Jikin akwatin ne ban so ki taɓa ba suna ciki. Gogar samfefa da jan burushi suna girgiza katako, ga wari a bakin ƙofarsu, zumarmu kuwa ba ta ɗaukar irin wannan. Ko su far miki, ko su far wa mai wucewa da dabbobinsa, ko su tashi gaba ɗaya.

Ki jira bayan kin ɗebi zuma, lokacin da saƙar ba ta da nauyi. Ki tanadi wani akwati da aka riga aka yi wa fenti ya huce, girmansa ɗaya da wannan. Da yamma liƙis, kin sa kayan kariya, hayaƙi na hannunki, kuma akwai mai taimaka miki, ki janye tsohon gefe, ki ajiye sabon daidai inda yake, ƙofarsa na duban inda waccan ke duba. Sai ki riƙa ɗaga sandunan ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, kada ki kwantar da saƙar don za ta karye, kina mayar da su sabon a jerin da kika same su. Waɗanda suka rage a bangon tsohon ki kakkaɓe su a hankali cikin sabon. Tsohon akwatin ki tafi da shi nesa a daren, in ba haka ba da safe za su koma masa.

Kafin ki yi wannan, ki ɗauki sanda ɗaya da babu saƙa a jikinta ki gwada a sabon akwatin, ki tabbata ta zauna daidai. Sau da yawa kafintoci biyu ba sa yanka tsawo ɗaya, kuma bai kamata ki gano haka ba kina riƙe da saƙa cike da zuma a hannu. In za a yanka miki sababbin sanduna, ki ce faɗin kowace ya zama santimita 3.2, ki kuma ba kafintan tsohuwar ya auna tsawon da ita.